Tarihin Sandar Fatsa: Daga Reshen Itace Zuwa Zaren Kabon

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a garin da ke da gulbi ko tafki ko kududdufi, da wuya a ce bai taɓa riƙa sandar fatsa ba. Mun san yadda abin yake: yaro ya shiga daji ya saro gora ko wani miƙaƙƙen reshe, ya ɗaura masa zare da ƙugiya, ya maƙala ɗan guntun kara wanda zai riƙa yawo bisa ruwa, sannan ya haƙo tana a gindin randa ya nufi bakin gulbi. In ya taki sa'a ya komo gida da 'yan karfasa ko tarwaɗa, in kuwa bai samu ba ya komo da taɓo a ƙafa, ya kuma sha faɗa. A wurinmu fatsa wasan yara ce, ko kuwa aikin wanda ya rasa abin yi. Masunta na haƙiƙa, irin su Sarkawa da Kabawa, da koma da taru da birgi da mamari suke su, domin kifi ɗai-ɗai ba ya ci da gida. Ko a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a shekarar 1934, koma da ƙaton goran duma ake shiga ruwan Matan Fada da su.

To amma a wasu ƙasashe wannan 'yar sanda da muka raina ta samu gata. An rubuta littattafai a kanta, an kafa masana'antu dominta, har ma siyasar manyan ƙasashe ta taɓa karya masu sana'arta. A wannan ɗan bayani za mu bi sawun tarihinta, musamman a Ingila da Amurka inda aka fi sarrafa ta. Mai karatu zai lura da cewa tun farko har yau abu uku ake nema a jikinta. Na farko shi ne daɗin riƙo, wato a yini da ita hannu bai gaji ba. Na biyu shi ne kaifin ji, domin mai fatsa ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin ruwa, sandarsa ce ke kawo masa labari kamar yadda sandar makaho ke gaya masa inda rami yake. Na uku kuwa kuɗi, wato abin da aka biya ya yi daidai da amfanin da aka samu. Kowane zamani ya samu ɗaya ko biyu daga cikin ukun nan, amma sai ya biya da na ukun.

Mafari

Ɗaya daga cikin tsofaffin hotunan mai kamun kifi da sanda yana ƙasar Masar, a bangon wani kabari da ke Bani Hasan a gefen kogin Nilu, an kuwa zana shi kusan shekara 2000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sandar gajera ce, zare na ɗaure a kanta, ba ta da wani bambanci da wadda yaranmu ke sarowa.

Marubutan Girka da Rum su ne suka fara bar mana bayanin yadda ake zaɓenta. Plutarch, wanda ya rasu wajen shekara ta 120 Miladiyya, ya ce masunta suna son sanda mai ƙarfin da za ta jure fizgar kifi, amma duk da haka siririya suke zaɓa, don kada inuwarta ta faɗa bisa ruwa kifi ya tsorata. Ka ga ke nan tun a lokacin an gane cewa ƙarfi da siranta kishiyoyin juna ne, kuma sai an haɗa su a gida ɗaya. Wajen shekara ta 200, wani marubucin Rum mai suna Aelian ya ba da labarin mutanen Makidoniya masu naɗa jan ulu da gashin zakara guda biyu a jikin ƙugiya don ta yi kama da ƙwaro, suna jefa ta da sanda mai tsawon ƙafa 6. A ƙasar Sin kuwa, inda gora ta wadata, wani mai zane da ake kira Ma Yuan ya zana wani mutum a kwalekwale a shekarar 1195, sandarsa tana ɗauke da ɗan keken naɗe zare. Sai bayan fiye da shekara 400 aka fara ambaton irin wannan keke a littattafan Ingila.

Zamanin da kowa ke sassaƙa tasa

A shekarar 1496 wani maɗabi'i mai suna Wynkyn de Worde ya buga wani ɗan littafi kan kamun kifi da ƙugiya, wanda ake danganta rubuta shi ga wata mata, Juliana Berners. Shi ne littafin Turanci na farko da aka buga kan fatsa, kuma ya kamata mu ɗan dakata a kansa, domin a cikinsa ne aka koya wa mutum yadda zai yi sandarsa da hannunsa daki-daki.

Ga yadda aikin yake. Mutum zai jira lokacin sanyi, daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Fabrairu, lokacin da ruwan jikin itace ya ja baya. Sai ya saro sanda mai tsawon gaba guda da rabi, kaurinta kamar damtse, daga itacen hezal ko makamancinsa. Zai gasa ta a tanda mai zafi ya miƙar da ita, kamar dai yadda Bahaushe ke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sannan ya bar ta wata guda ta bushe. Bayan haka ya ɗaure ta tam a jikin miƙaƙƙen katako, ya sa waya a garwashi ta yi ja, ya huda cikinta daga wannan kai zuwa wancan, ya riƙa ƙara kaurin wayar har ramin ya buɗe. Daga nan sai a rataye ta a rufin ɗaki hayaƙi ya ƙarasa busar da ita. Wannan ita ce gindi. Kan sandar kuwa tsumagiya biyu ake haɗawa, ta ƙasa ta hezal, ta sama ta wani itace mai tauri da lanƙwasa, a naɗe mahaɗinsu da igiya.

Hikimar hujin nan biyu ce. Ya rage nauyin sandar, kuma ya zama kube, domin in an gama su sai a zare kan a zura shi cikin gindin. Littafin ya nuna cewa da haka mutum zai bi ta tsakiyar gari yana dogarawa, ba wanda zai san inda ya dosa. Zaren kuwa da izgar farin doki ake tufka shi, irin dai izgar da masu goge da kukuma ke ɗaura wa kayan kiɗansu, a rina shi launi 6 gwargwadon launin ruwa da lokacin shekara. Ƙaramin kifi sili ɗaya na izga ya ishe shi, babban kifin samon kuwa sai sili 15.

Wannan sanda ba ta ci wa mai ita kuɗi ba, sai dai ta ci masa watanni. Kuma da yake shi ya sassaƙa ta, daidai hannunsa take. Aibinta shi ne tsawo, domin zaren a kan sandar yake ɗaure, ba a iya sake shi, saboda haka nisan da mutum zai kai ya dogara ga tsawon sandarsa. Charles Cotton, wanda ya yi ƙari a 1676 a kan shahararren littafin Izaak Walton na 1653, ya ba da shawarar sanda mai yadi 5 zuwa 6. Shi kansa Walton ya faɗi dabararsa in ya haɗu da ƙaton kifin da zai tsinka izga: sai ya jefa sandar cikin kogi, kifin ya yi ta jan ta har ya gaji, sannan ya bi ya ɗauko abinsa.

Itatuwan ƙetare

Daga tsakiyar ƙarni na 17 keken naɗe zare ya fara shiga Ingila, aka kuma soma jera 'yan zobba a jikin sanda don zare ya riƙa gudu ta cikinsu. Wannan ya sauya aikin sandar baki ɗaya. A da miƙa ƙugiya kawai take yi, yanzu kuwa ana so ta lanƙwashe ta miƙe da ƙarfi kamar baka, ta harba ƙugiyar nesa. Itacen bayan gida bai iya wannan aiki sosai ba, kuma ba kowa ke iya ƙera zobba da mahaɗan tagulla ba. Sai shaguna suka buɗe. Wani mai suna Onesimus Ustonson ya kafa nasa a Landan a 1761, zuriyarsa kuma suka riƙa sayar wa gidan sarauta. Daga nan ne mai fatsa ya fara tashi daga masassaƙi ya koma mai saye.

Jiragen ruwan mulkin mallaka su suka kawo sababbin itatuwa: hikori daga Amurka, lansiwud daga tsibiran Karebiyan, girinhat daga Gayana, da gora daga Kalkata ta ƙasar Indiya. Girinhat ya yi tashe a ƙarni na 19 saboda ruwa ba ya ruɓar da shi, kuma yana da ƙarfin jifa. Amma itace ne mai nauyin gaske, har nutsewa yake a ruwa, ga shi in ya tsufa ya bushe sai ya karye farat ɗaya ba tare da ya yi gargaɗi ba. Wanda ya yini yana wurga sandar girinhat mai ƙafa 18, kafaɗarsa ce za ta ba shi labari da dare.

Gorar Sin da maƙeran bindiga

Gora ba ta da nauyi, amma tana da rami a ciki da gaɓoɓi, kuma ba a samun guda biyu masu hali ɗaya. Ƙarfinta duk yana cikin jijiyoyin da ke dab da ɓawo, cikinta kuwa laushi gare shi. Dabarar da aka gano ita ce a tsaga ta tsawo-tsawo, a fere kowane tsagi ta ciki ya zama mai kusurwa uku, a bar ɓangaren ɓawo a waje, sannan a manne tsagogin da gam su zama sanda guda marar rami. In tsagi 6 ne, kowace kusurwa sai ta zama digiri 60 cif, kuma kowane tsagi ya riƙa sirancewa daga gindi zuwa kai daidai da 'yan'uwansa. Kuskure kamar kaurin gashi ya isa ya ɓata aikin.

Ba mamaki da ya kasance maƙeran bindiga ne suka ƙware a wannan aiki, tun da sun saba da awo mai tsanani. A Amurka ana danganta farkonsa ga Samuel Phillippe na garin Easton a jihar Fensilbaniya, wajen 1846. Amma wanda ya mai da shi sana'a shi ne Hiram Leonard na garin Bangor a jihar Maine, wanda a shekarun 1870 ya ƙera injin da ke fere tsagogin daidai wa daida. An ce a ɗaki na musamman ya kulle injin don kada a saci sirrinsa. Duk da haka yaran shagonsa, irin su Edward Payne da Fred Thomas da Eustis Edwards, sun fita sun kafa nasu, sunayensu kuma suka shahara. A Ingila ma kamfanin Hardy, wanda aka kafa a garin Alnwick a 1872, ya rungumi wannan dabara.

Da tafiya ta yi tafiya aka bar gorar Kalkata aka koma ga wadda 'yan kasuwa ke kira gorar Tonkin. Sunan yana ruɗarwa, domin Tonkin a arewacin Biyetnam take, alhali gorar a kudancin Sin ake noma ta, a tsaunukan da ke gefen kogin Sui, musamman gundumar Huaiji. Jijiyoyinta sun fi na kowace gora yawa da kauri, gaɓoɓinta kuma suna da tazara. Da ita aka samu sandar da ta haɗa rashin nauyi da kaifin ji fiye da duk wadda ta gabace ta. Sai dai mai kyau aikin hannu ce na kwanaki da yawa, don haka sai mai hali. Kamfanoni irin su Montague sun cika kasuwa da masu sauƙin kuɗi, amma araha ba ta ado: gam ya saki, sanda ta karkace in ta sha damina. A wannan zamanin ne kuma wani Everett Horton na garin Bristol a jihar Connecticut ya yi rajistar sandar ƙarfe mai shigewa cikin juna a 1887. Ana ba da labari cewa ya yi ta ne don ya riƙa sulalewa zuwa kogi ran Lahadi ba tare da mutanen coci sun gane ba. In haka ne, to bukatarsa ɗaya da ta mai sandar dogarawa na 1496.

Gilashi da kabon

Abu biyu suka taru suka kayar da gora. A tsakiyar shekarun 1940 wani masanin haɗa sinadarai, Dokta Arthur Howald, ya karya kan sandarsa ta gora a wurin su, sai ya gyara ta da zaren gilashi da ya jiƙa da wani irin danƙo, kayan da yake aiki da su lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Kamfanin Shakespeare ya karɓi dabarar ya fito da sandar Wonderod a 1947. Kada mai karatu ya ɗauka marubucin wasan kwaikwayon nan ne. Wannan wani William Shakespeare ne na garin Kalamazoo a jihar Michigan, wanda ya kafa kamfanin kayan su a 1897. Na biyu kuma, a ƙarshen 1950, da yaƙin Koriya ya yi zafi, Amurka ta haramta ciniki da Sin, ba ta ɗage haramcin ba sai 1971. Shekara 20 gorar Tonkin ba ta shiga Amurka kai tsaye. Masu tsohuwar ajiya suka riƙa lallaɓa abin da ya rage musu, da yawa kuma suka rufe shago ko suka koma ga gilashi. Rigimar da ba su san mafarinta ba ita ta raba masu sana'a da sana'arsu.

Zaren gilashi ya kawo abin da gora ta kasa, wato araha tare da ƙarko. Ruwa ba ya ɓata shi, ba ya bukatar shafe-shafe, leburan masana'anta ma ya iya saye. Abin da aka rasa shi ne kaifin ji, domin gilashi yana da taushi da ɗan nauyi, yana shanye motsi kafin ya iso hannu.

Maganin wannan daga masana'antar jirgin sama ya fito. A 1963 masu bincike a cibiyar gwajin jiragen sama ta Farnborough a Ingila suka gano hanyar yin zaren kabon mai ƙarfi, kuma a 1973 kamfanin Fenwick na Amurka ya fito da sandar fatsa ta wannan zare. Dalilin fifikonsa a fili yake: abu mai tauri marar nauyi ya fi saurin isar da girgiza, shi ya sa in kifi ya ɗan taɓa tana, ko darma ta gogi dutse a ƙasan ruwa, nan take tafin hannu zai sani. Amma shi ma da nasa aibin. Ba ya jure bugu, ɗan ƙwarzane a jikinsa kan zama sanadin karyewa ranar da aka kama babban kifi. Bugu da ƙari yana ɗaukar wutar lantarki, saboda haka haɗari ne a ɗaga shi kusa da wayar wuta ko lokacin da ake tsawa. Wannan ya sa a 1976 kamfanin Shakespeare ya gauraya kabon da gilashi a sandar Ugly Stik, ya sadaukar da ɗan kaifin ji don a samu wadda ba ta karyewa da sauƙi, kuma ta samu karɓuwa ƙwarai wurin masu ƙaramin ƙarfi.

Komawa ga hannu

Wani abin sha'awa shi ne, masana'anta ba ta kashe aikin hannu ba, ta sake masa kama ne. Ana yin sandar gilashi ko kabon ta hanyar naɗa ƙyallen zaren a jikin siririn ƙarfe, a gasa, a zare ƙarfen. Kamfanoni kan sayar da wannan tsurar sanda ba mariƙi ba zobba, mutum ya saya ya ƙarasa ta yadda yake so. Da farko zai tanƙwara ta yana mirginawa don ya gano gefen da ya fi tauri, wato inda bakin ƙyallen ya hau kan ɗan'uwansa, ya jera zobbansa bisa wannan layi. Zai zaɓi zobba marasa nauyi, domin ɗan nauyi a can kan sanda ya fi gajiyar da wuyan hannu fiye da mai yawa a gindi, kuma yana dushe ji. Zai fere mariƙi daidai tafin hannunsa, yawanci da ɓawon bishiyar nan da ake toshe bakin kwalba da shi, wanda ƙasar Fotugal ke samar da kusan rabin na duniya, ana kuwa ɓare bishiyar sau ɗaya a shekara 9. Ɓawon ba ya santsi in ya jiƙe, kuma ba shi da nauyi. Daga ƙarshe zai ɗaura keken naɗe zare ya ɗora sandar bisa yatsa ɗaya. In ta daidaita kusa da inda hannu ke riƙo, to za a yini da ita lafiya, in kuwa kai ya rinjaya, sai an gyara. Gora ma ta farfaɗo bayan an buɗe ciniki da Sin, ta zama kayan masu sha'awa da ke biyan kuɗi mai yawa don aikin hannu.

Kammalawa

Idan muka waiwaya za mu ga cewa ba a taɓa yin sandar da ta fi kowace ba. Hezal kyauta ne amma sai an yi jira, girinhat na da ƙarfi amma ga nauyi, gora na da daɗin hannu amma ga tsada, gilashi na da araha amma jinsa bai kai ba, kabon na da kaifin ji amma ba ya son wargi. Don haka masana wannan harka kan shawarci mai saye da ya fara tambayar kansa irin kifin da yake nema da irin ruwan da zai shiga, domin sandar da ta dace da karfasa a tafki ba za ta ja giwan ruwa a Kainji ba. Bayan haka ya riƙa ta a hannu, ya kaɗa, ya ga inda take lanƙwasa, ya ji nauyinta, kafin ya tambayi kuɗi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Wannan kuwa shi ne ainihin abin da yaron garinmu ke yi in ya shiga cikin gora: ya wuce wannan don ta yi kauri, ya bar waccan don ta karkace, ya saro ta uku ya kaɗa ta a iska ya saurari amsarta. Masu injin Leonard da masu binciken Farnborough duk wannan amsar suke nema. In mun sake ganin yaro a bakin gulbi ya ƙura wa guntun karansa ido, kada mu yi saurin kora shi gida. Mu karɓi sandar mu ji nauyinta, mu tambaye shi dalilin da ya sa ita ya zaɓa.